Kwamfutar da Ke Tsayawa da Azahar

Magama, Jibiya
Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka Katsina lafiya, ke da kayanki, kuma kin iske Gwaggonki Balaraba da mutanen gidanta lafiya lau. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin hanya da na gari.

Na san za ki yi mamaki ki buɗe kwalin kwamfutarki ki ga takarda da rubutuna a ciki, alhali ni da kaina zan raka ki tasha gobe, kuma bakina bai yi ciwo ba. Akwai maganar da ba na iya faɗa ina kallon fuskarki. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa bakina bai taɓa kiranki da shi ba, kuma in kika ɗaure fuska kamarku ɗaya sak. Takarda ta fi mini sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun, tabarau ɗin ya fara gajiya da ni.

Ga inda muke. Hajiyar da ke da makarantar koya wa mata kwamfuta ta ce ki zo da na'urar da kika shirya da hannunki, ki kunna a gabanta, in ta gamsu ta damƙa miki kula da kwamfutocin makarantar tare da koyarwa. Tun Asabar ɗin da ta wuce ya kamata ki tafi. Amma kwamfutar tebur ɗin da Kawunki Sale ya aiko daga Maraɗi ta ƙi karɓar babbar manhaja, wadda kika ce mini in babu ita kwamfuta akwatin ƙarfe ce kawai. Sai ki sa filas, ta fara ɗauka, lamba tana hawa a fuskarta, ana cikin haka ta tsaya cik. Linzami ba ya motsi, madannai ba sa amsawa. Hajiya ta ɗaga miki ƙafa zuwa Litinin ɗin nan, ta ce in ta wuce sai ta nemi wata. Jiya kuma ina zaure na ji kina ce wa Innarki, "Inna, wataƙila aikin ga ba nawa ba ne." Wannan maganar ce ta zaunar da ni rubutu.

Ni ba masanin kwamfuta ba ne, ke ma kin sha faɗa mini. Amma shekara talatin da ɗoriya ina buɗe cikin abin da ke cin wuta, daga rediyo zuwa talabijin zuwa cajar waya, kuma yawancin abin da na sani ta hanyar ɓarna na san shi. Bari in ba ki labarin ɓarnata, ko za ki tsallake ramin da na faɗa.

Na kafa teburina a bakin iyakar nan a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan kamar an fasa tulu. Ba ki ga wannan zamani ba. Manyan motoci kan yi jere tun daga shingen Magama, wasu ɗauke da hatsi da siminti za su Maraɗi, wasu da awaki da shanu za su kudu. Duk wanda ya ɗan sami sarari, abin da ya fara saya shi ne rediyo mai kaset, wadda muke kira rikoda. Direba yana da ita, mahauci yana da ita, mai awo ya rataya tasa a kafaɗa yana auna gero. Ni kuma ina ƙarƙashin dalbejiya da ƙarfen dalma kan gawayi, da wando mai buɗaɗɗen ƙafa, da gashi kamar an kifa mini ƙwarya. Innarki tana da hoton, ta rantse ba za ta nuna muku ba sai na mutu. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, kuma ina ganin babu abin da ya fi ƙarfina.

Wata rana wani direba, Garba, ya kawo mini rikodarsa. Tana cikin waƙa sai ta yanke, a girgiza ta ta dawo. Ban tsaya na nemi inda ciwon yake ba. Na canza mata bel, na canza wayar lasifika, na sa sababbin batura, na cire tarasista biyu na sa wasu, na kuma bi duk inda idona ya faɗa da dalma. Ta tashi tana ƙara. Garba ya ji daɗi, ya bi tasha yana yabona, wai akwai wani a gindin dalbejiya da ke raya matacciyar rikoda. Kafin sati biyu sai ga mutum uku da irin rikodar nan, da irin ciwon nan. A nan idona ya raina fata, don ban san wanne ne cikin abubuwa biyar ɗin da na taɓa ya yi magani ba. Na yi wa ta farko duka biyar, ta tashi. Ta biyu ma haka. Ta uku na yi mata duka biyar ta ƙi, kuma ban san inda zan dosa ba. Kwana huɗu mai ita yana zuwa yana zama kusa da ni, yana tauna goro yana kallon hannuna. A ƙarshe na gano wani ɗan ƙarfe ne da batir ke jingina da shi ya yi tsatsa. Gogewa kawai yake so da takardar yashi.

Ranar Talata ina kallonki kika canza filas, kika canza 'yan allunan nan da kike ce wa ram, kika kuma sauya rumbun ajiya, duk a zama ɗaya, sannan kika kunna. Da ta tashi a lokacin da kin yi murna, amma da ba ki koyi komai ba, kuma a makarantar Hajiya kwamfutoci da yawa ke jiranki. Abu ɗaya za ki riƙa taɓawa, ki gwada, ki mayar da shi in ba shi ba ne, sannan ki matsa gaba. Ki fara da abin da ya fi sauƙi. Ki gwada filas ɗin a wata na'ura, in can ma ya tsaya, to kwafin ne ya lalace, ki sake wani. Ki cire duk abin da ke rataye jikinta wanda ba dole ba ne. Ki bar mata ram guda ɗaya, in ta tsaya ki sa ɗayan. Ki tabbatar wutar da take sha ba mai hawa da sauka ba ce. Waɗannan duk daga bakinki na ji su lokacin da kike karatu kina zuwa shago kina burge ni, kayanki nake mayar miki. Nawa ƙarin shi ne ki sami ɗan littafi, duk gwaji ki rubuta abin da kika taɓa, da inda ta tsaya, da ƙarfe nawa ne. Kai yana mantuwa idan rai ya ɓaci.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan nauyi, har yau ba ta sake ni ba.

A wancan zamani samari da yawa sun tafi Ikko aikin sauke kaya a bakin ruwa. Iyayensu ba su iya karatu ba, su ma da yawa ba su iya rubutu ba, don haka sai mutum ya yi magana cikin kaset ya ba direba ya kawo gida. Wanda ba shi da rikoda sai ya zo wurin irinmu a kunna masa. Wata ranar kasuwa wata tsohuwa daga Farfaru, ana ce mata Iya Tabawa, ta zo da kaset ƙulle a bakin zanenta. Ɗanta Lawali ne ya aiko, shekara biyu ba ta ji ɗuriyarsa ba. Na ba ta kujerata, na sa kaset ɗin a rikodata. Muryar ta fito. Ya gaishe ta, ya gaida baffanninsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gona, ya tambayi wata akuya mai farin goshi. Tsohuwar tana amsawa kamar yana gabanta, "Lahiya lau, Lawali. Ta haihu, biyu ta yi." Mutane suka fara taruwa suna dariya. Sai ya ce, "To Iya, maganar dawowata kuwa," nan muryar ta ja, ta yi kauri, ta tsaya.

Baturan ne suka yi sanyi, kuma na san sun yi sanyi tun da safe, ƙyuiya ce ta hana ni canzawa. Abin yi shi ne in kashe, in sa sababbi, in duba a hankali ko zaren ya naɗe. Amma ga jama'a tsaye, ga ni gwanin gindin dalbejiya, rikodata ta mutu a gaban kowa. Kunya ta kama ni, ta koma fushi. Na kai wa rikodar mari, na danna ta buɗe, na fizgo kaset ɗin. Zaren ya riga ya naɗe a jikin 'yar robar da ke jansa. Ya biyo hannuna, ya tsinke, kusan gaba biyu ya yamutse. Na yanke inda ya lalace, na liƙe bakin biyu da jan farce, na naɗe da biro, na sa sababbin batura. Da muryar ta dawo, sai muka ji Lawali yana cewa, "To shi ke nan Iya, ki gaida kowa da kowa."

Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, mi yac ce? Zai zo ko ba ya zuwa?"

Na ce, "Ya ce yana nan tahe, Iya."

Ta karɓi kaset ɗinta ta ƙulle a bakin zane. Ta ce, "Kai ka ji, ni ban ji ba." Ta tashi ta shiga kasuwa. Ban sake ganinta ba, kuma ban san ko Lawali ya dawo ba. Na yi ta neman gafarar Allah a kan wannan, ƙaryar ta fi tsinkewar zaren ci mini rai.

Don haka idan na'ura ta tsaya miki, musamman a gaban mutane, ki fara ɗauke hannunki daga kanta. Ki dubi 'yar fitilar nan ta gaba da kika ce tana nuna rumbun ajiya yana aiki. In tana ƙyaftawa, ba ta mutu ba, aiki take a ciki, ki ba ta lokacin da mutum zai sha shayi ya wanke kofi. In ta ɗauke ɗif, sannan ki kashe ta yadda ya kamata. Na ga kina fizge waya daga bango sau biyu a satin nan, na gane hannun, nawa ne. Kuma kafin ki goge kwamfutar kowa don sa sabuwar manhaja, ki tambayi mai ita abin da ke ciki, ki kwashe masa shi a wani wuri. Mutane ba sa faɗa sai ya ɓace. Wata hoton mahaifiyarta ne kaɗai a ciki, wata takardun da ta shekara tana rubutawa. In kuwa ƙaddara ta sa kin yi ɓarna, ki faɗi gaskiya a take, kada ki bar mutum ya tafi da abin da kika ƙirƙira masa.

Ta uku ita ce na fi son ki karanta a natse.

Masallacin tasharmu ya sami lasifika, wani alhaji dillalin shanu ne ya kawo daga aikin hajji. Da batirin mota take aiki. Ni aka ba haɗawa, kuma ni na ba da shawara a yi wa injin ɗin akwatin ƙarfe mai kwaɗo saboda ɓarayi, aka kafe shi a bango can sama, dab da kwanon rufi. Da asuba ladan ya kira salla har Farfaru ana ji. Da magariba ma haka. Amma ranar Juma'a liman yana tsakiyar huɗuba sai murya ta ɗauke, na sahun baya suna ganin bakinsa yana motsi kawai. Aka kira ni. Na sauke injin da yamma, na kai teburina, na kunna, yana aiki garau. Na mayar. Juma'a ta zagayo, ya sake yankewa. Na sauke, na canza abin da na canza, na mayar. Juma'a ta uku ya yanke tun kafin liman ya gama salati. Da aka sallame, wani dattijo ya ce da ni a gaban jama'a, cikin sanyin murya, "Malam, in abin ga ya hi ka, ka hwaɗi." Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Akwai wani mutumin Maraɗi, Isuhu, da ke zuwa duk Juma'a sayen kayan gyara wurin 'yan kasuwarmu. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, da tsohon keke yake zuwa, da hularsa da ta koɗe. Muna kiransa Mushe Isuhu don tsokana, yadda su ke kiran ma'aikata a can. A lokacin mu 'yan Najeriya kanmu ya yi girma, muna ganin arziki a wajenmu yake, don haka ilimi ma a wajenmu yake. Na sha yi masa dariya in ya ce kuran maimakon wuta, ko ya kira babbar mota kamiyo. Ban taɓa tunanin in tambaye shi komai ba.

Ranar nan shi ya same ni ina tsaye kan benci ina ƙoƙarin buɗe kwaɗo. Bai tambaye ni me na canza ba. Ya ce, "Ƙanena, wane lokaci taka mutuwa?"

Na ce, "Duk sadda ta ga dama."

Ya ce, "A'a. Da asuba ta taɓa mutuwa?"

Na ce ba ta taɓa ba.

"Da magariba hwa?"

Na ce nan ma ba ta taɓa ba. Sai ya hau bencin tare da ni, ya kama wuyan hannuna, ya ɗora tafina a bayan injin. Na janye da sauri, kamar na taɓa tukunya a kan murhu. Ya ce, "Ba ta da ciwon komi. Kun sa ta cikin ƙarhe, kun kulle, kun kai ta gun kwano da rana tsaka. Ko kai anka yi ma haka, huɗuba ba ta ƙarewa kana numfashi." Ya nuna mini faffaɗan ƙarfen da ke kwashe zafi daga tarasista, ya nuna mini yadda ƙusarsa ta saki, ya ɗaure da kansa ina kallo. Muka huda akwatin ta gefe, muka sauko da shi ƙasa inda iska ke bi. Lasifikar nan ta shekara goma ba ta sake yankewa ba.

Abin da ya fi tsaya mini ba gyaran ba ne. Mu a nan da ɓoyo aka koya mana sana'a. Maigidana na Katsina, Allah ya jiƙansa, in ya zo daidai inda ciwon yake sai ya juya mini baya, ya baza babbar riga, sai dai in ji rediyo ta tashi. Ba mugunta ba ce a wurinsu, haka suka gada, wai kada wanda kake koya wa ya ƙoshi da wuri ya bar ka. Sai ga mutumin da na shekara ina yi wa dariya ya kama hannuna ya ɗora a kan amsar, bai nemi ko goro ba. Ranar na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa juya wa mai koyo baya ba. Kuma na riƙe alkawarin ga duk wanda ya zauna a shagona, har zuwa satin da ya wuce.

Uwata, na san abin da ke damun kwamfutarki tun ranar Lahadi.

Ke kina kallon lambar da ke fuskarta, ni ina kallon agogon bango. Idan kika gwada da sassafe takan kai saba'in da wani abu kafin ta tsaya. Idan bayan Azahar ne, kwanon shago ya ɗauki rana, da ƙyar take kai talatin. In kika kashe kika kunna nan take ba ta huta ba, ko goma sha biyar ba ta kaiwa. Lalataccen filas ba ya sanin safe da rana, wuri ɗaya yake tsayawa kullum. Wannan zafi ne. Ranar Laraba da kuka tafi cikin gari ke da Innarki sallama da dangi, na buɗe ta. Ƙarfen nan mai haƙora da ke zaune kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, wanda fanka ke bisansa, ƙafafun roba huɗu ne ke danne shi. Biyu na wajen baya sun fita daga raminsu, ɗaya ma ta tsage. Ba abin mamaki ba ne, a cikin buhu ɗan kabu-kabu ya ɗauro ta tun daga Maraɗi, kin kuwa san hanyar da suke bi. Na danna da babban yatsa, ƙarfen ya yi rawa. Man da ke tsakani ya bushe ya zama ƙanzo. Fanka tana juyawa lafiya, shi ya sa da kika buɗe idonki ya wuce, kowa ma idonsa zai wuce.

Aikin da bai fi minti goma ba. Sai na mayar da murfi, na ɗaure ƙusoshi, na goge sawun yatsuna da gefen riga, na tafi sallar La'asar.

Na gaya wa kaina horo nake miki, gara ki gano da kanki, abin da mutum ya sha wuya a kansa ba ya manta shi. Da wannan na yi ta rufe bakin zuciyata kwana biyar. Amma ba shi ba ne, kuma na san ba shi ba ne. Tun da yayyenki suka watse, ke kaɗai ke zama da ni a shago. Ke ke karanta mini ƙananan lambobin da idona ya daina gani. Ke ke musu da ni a kan labarun rediyo, ki kayar da ni, ki kuma kawo mini fura. Duk lokacin da kwamfutar nan ta tsaya, fuskarki ta faɗi, ni kuma sai in ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, don na san gobe ma kina nan. Ranar Litinin kika juyo kika ce, "Baba, ka sa baki da addu'a ta wuce wannan karon." Na ɗaga hannu na yi, kika shafa. Allah ya san abin da zuciyata ke roƙo a lokacin, kuma ina jin kunyarsa.

Na ci miki sati guda, na kusa cin miki aikin gaba ɗaya. Abin da ya fi muni, na zauna ina kallo har kika fara zargin kanki. To ki ji daga bakin wanda ya tsufa a sana'ar nan, ba don ni na haife ki ba. Kin zargi filas, kin zargi ram, kin zargi rumbun ajiya, kuma haka mai hankali zai bi. Abu ɗaya ya rage miki, shi ne wanda ke hannuna na ƙi miƙawa. Aikin naki ne.

A cikin ambulan ɗin da ke tare da takardar nan akwai ƙafafun roba huɗu da na ciro daga matacciyar na'urar da ke ƙarƙashin teburina, da 'yar kwalbar sifirit, da farin man nan na furosesa. Na so in gyara ta yau kafin a ɗaure kwali, har na ɗauko sukudireba. Sai na ga in na yi haka na sake juya miki baya ne na baza riga, ki ji ta tashi ba ki san dalili ba. Kuma ranar Litinin Hajiya za ta tambaye ki me ya same ta, ina son amsar ta fito daga hannunki.

Ki cire ta daga wuta tukuna. Ki ɗaga ƙarfen a hankali, kada ki fizga. Ki goge busasshen man daga fuska biyun da tsumma mai tsabta da sifirit har su yi ƙyalli. Ki ɗiga sabon man kamar ƙwayar wake a tsakiya, kada ki yi masa shafin kitso, yawansa ma ɓarna ne. Ki sa sababbin ƙafafun, ki danna biyu masu kallon juna ta kusurwa, sannan sauran biyun, sai kin ji kowace ta ce ƙas. Ki gwada girgiza shi da yatsa, in bai motsa ba ya zauna. Kada ki taɓa wani abu bayan wannan. Ki ajiye ta inda iska ke bi, ba jikin bango ba. Sannan kada ki gwada ta da safe, safiya tana rufa wa irin wannan ciwo asiri. Ki jira ranar Lahadi da Azahar, lokacin da ɗakin Gwaggonki ya fi zafi, ki sa filas ɗinki. In ta wuce a wannan lokacin, ta wuce ke nan.

Mai yiwuwa kuma akwai wani ciwon bayan wannan, tsohuwar na'ura ba ta rasa biyu. In haka ne kada hankalinki ya tashi. Ki buɗe littafinki, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma in kin ga wanda ya fi ki sani ki tambaye shi, ko da kuwa wanda kike ganin bai kai ba ne. Ranar da mata suka zauna gabanki suna koyo, ki nuna musu komai, har wanda kike tsoron in sun sani ba za su ƙara bukatarki ba.

Ki gaida Gwaggonki da maigidanta, ki riƙe su kamar yadda kike riƙe mu. Ki kula da salla a kan lokacinta, ki ci abinci, na san halinki in aiki ya kama ki. Innarki ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba, zan gaya mata da kaina bayan motarku ta tashi, in sha abin da zan sha.

Ki yafe mini, Uwata. In ba ki iya yanzu ba, ki bari sai kin iya, ba zan yi fushi ba. Allah ya tsare ki, ya yi miki albarka, ya sa ƙafar da kika fitar ta alheri ce, ya buɗa miki ƙofofin da ni ban taɓa ganin bakinsu ba.

Ranar Lahadi da Azahar ina masallacin tasha. Zan roƙi Allah lambar nan ta wuce talatin, ta wuce saba'in, ta kai ɗari ba ta tsaya ba. Na san in ta kai, kujerarki a shago ta zauna babu kowa ke nan. Duk da haka shi zan roƙa, kuma wannan karon da gaske.

Wassalam.

Babanki